Farin Garin Gonar Sani

Daga bakin rijiya maganar ta taso ranar Talata, kafin Laraba ta zagaye ƙauyenmu kaf. Wai an ga Baraka da sassafe a durƙushe cikin gonar ɗana Muhammadu Sani, da ƙoƙo a hannu, tana barbaɗa wani farin gari a gindin tumatir. Wai shi ya sa ganyen ya naɗe ya ƙone, 'ya'yan suka tsaya ƙanana kamar magarya. Wasu suka ce tokar ƙashi ce, wasu suka ce ƙasar maƙabarta. Matar da ta rantse ta gani da idonta, da na tsare ta, ashe ƙanwar mijinta ce ta ba ta labari.

Baraka maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Daga wajen Bunkure aka auro ta, mijin ya rasu, danginta sun ƙare, ba ɗa ba jika, sai awaki uku. Ranar Alhamis da safe dagaci ya yanke: gobe bayan sallar Juma'a ta bar gari. Ya ce don kare ranta ne, tunda har an fara jifan rufin ɗakinta.

Na tarar da ita tana ɗaure kwanuka cikin zani.

"Malama, wallahi kwasa nake yi, ba zubawa ba," ta ce. "Awakina nake kankaro wa, suna lasa kamar kanwa. Na faɗa, na rantse, aka ce mayya ma ta iya rantsuwa."

"Yanzu ina za ki?"

"Tashar Kura. Daga nan kuma ban sani ba."

Shekara ashirin da shida na yi ina koya wa 'yan mata kimiyya, kuma darasin farko bai taɓa sauyawa ba: kada ki sa wa abu suna sai kin ga halinsa. Na ɗauki kwalbar ruwa da ƙwarya, na sa Sani a gaba sai gona.

Rabona da gonar tun damina. Fangali bayan fangali, kunyoyin duk sun yi fari kamar an watsa garin rogo. Sani ya rame, idonsa ja. Noman ranin shekarar nan shi ne abincin gidansa, ga shi yana mutuwa a gabansa.

"Kin gani ko, Inna? An ce in wanke, kwana huɗu ina sakar masa ruwan kanal ɗin ban-ruwa ba tsayawa. Da rana ta buga sai ya dawo, har ya fi na jiya. In ba asiri ba, mene ne ake wankewa ya dawo?"

Na durƙusa na dangwali garin na kai harshe.

"Inna! Tofar! Don Allah tofar!"

"In na mutu ka huta da surutuna. Miƙo ƙwaryar."

Gishiri-gishiri ne, da ɗan ɗaci, da santsi a yatsa. Na kankaro cikin tafi na zuba a ruwa na motsa. Farin ya ɓace sarai, ƙasa kawai ta kwanta. Tokar ƙashi ba ta narkewa haka, yashin kabari ma haka. Sani ya ce to kanwa ta barbaɗa. Na ce ya dubi girman gonar ya faɗa mini buhu nawa tsohuwa za ta ɗauko a ƙoƙo.

Ina tsaye sai na ji takalmina yana nutsewa. Na sa shi ya haƙa rami. Bai kai kamu biyu ba ruwa ya ɓullo, ya tsaya cik, tsakiyar rani. Na cika kwalbata, na bi gangaren gonar har ƙarshe, inda na san akwai magudanar da ke kwashe ruwan da gonaki suka sha suka rage. Albasa na gani a wurin, layi-layi.

"Ina magudanar?"

"Ciyawa kawai take tarawa, Inna. Shekara biyu ke nan da na cike ta, fangali goma sha biyu na samu."

A gida na tace ruwan ramin da kallabi har sau uku, ya fito garau, wanda ya gani zai sha. Na zuba a baƙin kasko na hura kara. Ruwan ya tafi tururi, ya bar farin ɓawo manne a gindin kaskon. Sani ya daɗe yana kallo. Yaro ne mai kai, bai buƙaci in yi masa bayani ba.

"Inna," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "gonaki biyar ke zubarwa ta magudanar nan, har da ta dagaci. In kika faɗi wannan a bainar jama'a, da wane ido zan kalli mutane? Cinye ni za su yi ɗanye."

"Ita kuma fa?"

"Tsohuwa ce. Ko'ina ta samu ta zauna."

"Ni ma tsohuwa ce."

Ya fita bai taɓa tuwonsa ba. Ta bayan katanga ina jin Baraka tana yi wa awakinta magana, tana ba su haƙuri.

Juma'a da hantsi na kai kasko biyu da damin kara ƙofar gidan dagaci. Jama'a sun riga sun taru a gindin dalbejiya, Baraka na gefe zaune kan ƙullin kayanta, ba wanda ya matsa kusa da ita. Na durƙusa na yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema, kafin a kira salla. A ɗebo mini ruwan kanal. A kuma haƙa rami a gonarka, wadda ka kewaye da ƙaya, Baraka ba ta taɓa shiga ba, a ɗebo abin da ya fito. Mutanenka za su je, ni ba zan taɓa ba."

"Malama, an riga an yanke magana."

"Na koyar da 'ya'yanka mata biyu, ban taɓa roƙonka ko goro ba. Yau ina roƙo."

Ya ɗaga wa mutum biyu hannu.

Da suka dawo na sa aka tace kowanne, aka ɗaga kofuna biyu sama. Na tambaya ko akwai mai iya bambancewa. Babu. Aka juye kowanne a kaskonsa, aka kunna wuta.

"Yau Malama miyar ruwa za ta yi mana," in ji Datti mai faci. "A ajiye mini ƙanzo!"

Aka kwashe da dariya. Na ci gaba da tura kara. Ban taɓa gwada ruwan gonar dagaci ba. In kaskon ya bushe ba komai, na ƙara wa Baraka ƙasa a ka, ni ma na zama abin nuni. Ruwan kuma ya ƙi ƙarewa, sai tafasa yake a hankali, inuwa tana ta gajarcewa, wasu har sun fara neman buta. Baraka ta miƙe ta ɗora ƙullinta a ka.

"Bari, Malama. Kin yi iyakar yinki."

"Zauna, Baraka! Na ce ki zauna!"

Kaskon ruwan kanal ya fara bushewa, ba komai a ciki sai ɗan dishi-dishi. Na biyun ya yi ƙara, ya tsotse, sai farin ya fito daga gefe yana shigowa tsakiya har ya rufe gindin. Dariya ta ɗauke. Dagaci ya taso da kansa, ya jira kaskon ya huce, ya kankara da farce ya kai baki. Ya yamutsa fuska.

"Wa ya zuba wannan a gonata?"

Na nemi Sani cikin taron. Yana can baya, jingine da bango, ya sunkuyar da kai. Bai gudu ba.

"Ba wanda ya zuba, ranka ya daɗe," na ce. "Gishiri ne na cikin ƙasa. Ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gonakinku ya narkar da shi, yana tasowa da shi sama, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin. Duk ruwan da aka ƙara, ƙara shi ake yi. Ruwan kuwa ya kwanta ne don an cike magudana an shuka albasa a kai. Ɗana Muhammadu Sani ne ya cike ta."