'Yar Majemi a Littafi na Bakwai

Ni ce mai zana bishiyar dangi da ake sakawa a bayan littattafan ƙanena, Auta. Littafi shida ya fitar a kan wata masarauta ta ƙage, inda 'yan gidan sarauta kaɗai iska ke yi wa biyayya, wai abin a jini yake. Sai ga wata yarinya, 'yar majemi, da warin fata a jikinta, ta kira iska ta amsa mata. Saboda yarinyar nan mutane ke rububin littafin.

Bishiyar a kan babbar takarda ɗaya take, mai kauri, tun daga littafin farko. Duk wanda aka haifa a labarin sai in ƙara shi da fensir, in Auta ya tabbatar in bi da tawada. Abin da ya hau tawada ya zauna ke nan, roba ba ta ɗaukarsa. Layin da ya sauko daga majemi zuwa 'yarsa shi na fara ja, shekara tara da suka wuce.

Ranar Talata ya kira ni ofishinsa, ya turo mini babin ƙarshe na littafi na bakwai. A tsaye na karanta. Ashe wai yarinyar 'yar sarki ce da aka sace tana jaririya, majemi tsintarta kawai ya yi a bakin rafi.

Na ce, "Auta, kanka ɗaya kuwa?"

"Yaya, masu karatu ne ke ta tambayar inda ta samo baiwar. Dole a ba su dalili."

"Dalilin me? Littafi shida kana cewa jini ba komai ba ne, yau ka tashi ka ce ashe azzaluman nan su ne da gaskiya?"

"Labari ne fa. Ki cire layin, ki haɗa ta da gidan sarki. Jibi za a kai wa masu bugawa."

Labari ne! Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa babin a fuska. Majemin littafin nan Babanmu ne, kowa a gidanmu ya sani. Har tabon da ke babban yatsansa Auta ya saka, har yadda yake shinshina fata ya gane ta jiƙu. Da jimar nan aka yi wa Auta makaranta. Amma tun da ya auro 'yar manya, in zai gabatar da Baba sai ya ce "ɗan kasuwar fatu". Na haɗiye waccan. Wannan kam ta tsaya mini a wuya.

Abin da ya fi ci mini rai, Baba bai iya karatu ba, ni nake karanta masa. Duk inda majemi ya fito sai ya gyara zama yana murmushi, ya ce, "Ja'irin yaro, ni yake tsokana." Wata uku ke nan yana tambayata yaushe na bakwai zai fito.

Da yamma na shimfiɗa takardar a kan teburin baranda, na ɗauko reza, don tawada sai dai a kankare. A haka Baba ya fito ya same ni, ya tambayi abin da zan yi wa takardar. Ni kuwa ban iya yi masa ƙarya ba. Na karanta masa babin, duka.

Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "To majemin fa? Yaya aka yi da shi?"

"An yi masa godiya a layi biyu, Baba. Bai sake fitowa ba."

Ya kalli tafin hannunsa. Ni kuwa na fashe. Na ce ba zan cire ba, butulun banza, in ya isa ya nemi wani mai zanen, kuma sai na je na faɗa wa surukan nasa ko ɗan waye shi.

"Rage murya," in ji Baba. "Littafinsa ne." Ya miƙo hannu. "Kawo rezar nan. Ba haka ake riƙe ta ba, za ki huda takardar. Kwantar da ita ake yi."

Ya ja kujera, ya danne takardar da yatsa mai tabon, ya shiga kankarewa a hankali, yadda yake cire gashi daga fatar ɗan akuya. Ya fara daga kan sunan yarinyar ya hau sama har ya kai ga majemi. Ya hure garin, ya murje wurin da bayan farce har ya yi sumul. Ina tsaye ina kuka kamar wata sakarya, shi kuwa ko sau ɗaya bai ɗago ba.

Washegari na dire wa Auta takardar da alƙalamin tawada a kan teburinsa. Na ce layin gidan sarki ya ja da hannunsa, ni na gama. Bai ma ji ni ba. Ya ɗaga takardar wajen hasken taga yana jujjuya ta.

"Kai, Yaya! Ko alama babu, kamar ba a taɓa jan layi a nan ba. Wa ya koya miki wannan?"

"Ba ni na yi ba."

"Wa ya yi?"

"Ubanka. Ya ce in tambaye ka ko aikin ya yi maka."