Buba da Aka Rubuta Bukar

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu saurara, Kaka.

Shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya ɓalle, mutanen fadama suka watse, kowa da sansanin da aka sauke shi. Wata ƙungiya ta kawo kwamfuta: ka faɗi sunan ɗan'uwanka, a buga, ta nuna inda yake, har da hoto. Shamsiyya ce a kanta, yarinya mai kai, sai abokin aikinta Tasi'u.

Tun farko Tasi'u ya ce, "Ki koya wa kwamfutar Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, Buba, Bukar. In an nemi ɗaya duk su fito."

"Kai Tasi'u, rabin garin nan Abubakar ne! In na haɗa su sai mu wuni muna kallon hotuna. Dubi layi fa."

Layin kuwa har bakin titi.

Sai ga Ramatu, wata dattijuwar Bafulatana, ruwa ya raba ta da ɗanta.

"Inna, yaya sunansa?"

Ramatu ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kun san bakinta ba zai kama sunan ba. Maƙwabciyarta ce ta ce, "Buba."

Aka buga Buba, babu shi. Aka buga Abubakar, fuskoki suka fito, ba tasa.

"Ki dawo gobe, Inna."

Ta yi ta dawowa, baiwar Allah, har takalminta ya tsinke.

Ashe Buba yana sansanin hanyar Birniwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Mai rubuta sunaye a can Babarbare ne, kun san wasansu da Fulani. Da ya ji Buba sai ya ce, "Wane Buba? Bukar muke cewa, bawana!" Aka yi dariya, ya rubuta hakan. Shi ma Buba ya sa an nemi uwarsa, to ita a gidan dangi ta sauka cikin gari, sunanta bai shiga kwamfuta ba.

Sai da layi ya ragu Shamsiyya ta zauna ta haɗa sunayen. Aikin bai kai tafasar shayi ba. Ta buga Buba, sai ga Bukar.

Ramatu ta dubi hoton sau ɗaya, ta kau da kai. "Shi ne, 'yar nan."

Tasi'u ya hau babur ya nufi sansanin. A can aka ce masa ai Buba ya warke, ya yi wa uwarsa sadaka don ya ɗauka ruwa ya ci ta, ya kora ragowar shanunsa ya bi makiyaya kudu. Wayarsa tana ƙarƙashin kogi.

Yanzu Ramatu tana Kaugama wurin 'yarta, duk makiyayin da ya wuce sai ta sa an tambaye shi. Tasi'u ya koma noman shinkafa. Shamsiyya tana nan kan aikinta, kuma duk inda aka kira ta, haɗa sunaye take fara yi. Buba kuwa har yau bai dawo ba.