Kifi Marar Tabon Ƙugiya

Shekara ashirin da uku ina bandar kifi a Unguwar Shanu, kuma ko da hannu kawai na shafa, na san kifin da ya mutu a ƙugiya da wanda ya shaƙe a taru. Na ƙugiya bakinsa a yage yake. Na taru za ka ji sawun zare ya zagaye masa wuya. Kifin da ƙanena Sama'ila ya sauke mini a tsakar gida ran wata Litinin da hantsi ba shi da ko ɗaya.

Baho uku ne maƙil, a Keke Napep ya kawo su, shi da mai keken suna nishi. A bazara fa! Lokacin da masunta ke wuni a kogi su dawo da abin da ko miyar gidansu bai isa ba. Ni kaina kwana huɗu ban hura wuta a gangar banda ba. Da na hango bahunan, ba zan ɓoye ba, sai da na ji wani sanyi a raina. Sanyin bai kai minti guda ba.

Na tsuguna na ɗauki tarwaɗa ɗaya, na ɗaga mata kunne. Inda ya kamata in ga ja jawur, sai na ga fari-fari kamar naman da ya kwana a ruwa. Na danna cikinta, ya lotsa, ƙwai ya tsarto mini a yatsu. Na ɗauki ta biyu, ta uku, duk ƙwai. A ƙarƙashinsu ga 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba, ga ƙurungu, har da kwaɗo guda ya miƙe ƙafafu. Wane taru ne ke kama uwa da jariri da kwaɗo a jefa ɗaya? Sai warin ya iso mini. Ba ƙarnin kifi ba ne, ƙarni ai abokin zamana ne. Warin shagon masu sayar da maganin feshin gona ne. Ƙudaje suka sauka a bakin bahon, ina kallo biyu suka wuntsila suna juyi a ƙasa.

"Sama'ila, daga ina?"

"Daga kogi mana, Yaya. Allah ne ya kawo rabo."

"Kada ka sa Allah a cikin wannan ƙazanta. Gurbin Kuka ka zuba wa magani?"

Ya kau da kai yana sallamar mai keke, wai shi bai ji ba.

Gurbin Kuka wani wuri ne mai zurfi a kogin Kaduna, gaba da Rafin Guza kaɗan. In ruwa ya janye da bazara, can manyan kifaye ke taruwa da ƙwai a ciki suna jiran ruwan sama. Tun kafin a haife ni, da zarar zafi ya kankama Sarkin Ruwa zai kafa gora a bakin gurbin ya ɗaura mata jan ƙyalle. Daga ranar ba mai jefa ko zare a wurin sai kogi ya cika kifin ya watsu ya zuba ƙwansa. Duk abin da masunta ɗari za su ci shekara mai zuwa yana cikin wannan rami. Wanda ya taɓa shi kuwa ba a kai shi wajen 'yan sanda. Kwalekwalensa ake jawowa tudu a kife, ya yi damina biyu bai taɓa ruwa ba.

Kwalekwalen Sama'ila na mahaifinmu ne. Da shi yake ciyar da matarsa Rakiya da 'ya'ya huɗu. Shi kuma Sama'ilan, ni na goya shi, don yana shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, mu biyu kaɗai ta bari.

"Yaya, ke dai ki ba su hayaƙi sosai," ya ce, ya rage murya. "Hayaƙi na kashe komai. Gobe Talata, kafin azahar kin sayar a kasuwar Kawo. Mu raba biyu."

"Wa zai ci?"

"Mutane mana."

"'Ya'yanka za su ci?"

Ya yi tsaki. "Kowa fa yana yi. Kina zaton ni kaɗai ne a wurin? In ban kwasa ba wani zai kwasa. Wannan ƙyallen na Sarkin Ruwa Baba Nomau, shi zai cika mini tukunya?"

Na ce ya kwashe mini mushensa daga gida kafin kajina su sha ruwan da ke ɗiga. Na faɗa masa maganganu da yawa waɗanda ba sai na maimaita ba, har da cewa da Babanmu yana raye da ya gwammace ya faskara kwalekwalen ya hura wuta.  Ya kinkimi bahunan ɗaya bayan ɗaya ya kai gidan Atika, gida biyu tsakaninmu.

Atika abokiyar sana'ata ce, kuma hancinta lafiyarsa lau, ta fi ni gane kifi ma. Ba a yi rabin awa ba na ga hayaƙi ya turnuƙe a gidanta. Wuni guda tana banda tana waƙa. Na wanke tsakar gidana da omo sau uku, na wanke hannuna har fata ta yi yaushi, amma ko tuwo na kai baki sai in ji warin nan. Ran Talata aka ce mini tun kafin azahar ta kaɗe tirenta a Kawo. Mata masu goyo suna ta yi mata godiya saboda ta yi musu araha.

Laraba da sassafe aka aiko cewa Sarkin Ruwa na kiran kowa a bakin gurbi, masunta da masu banda. Haka al'adar take. Masunci zai iya ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya kama, amma kifi baho uku a zafin bazara ba ya kwana sai ya bi ta wutar wata mace. Don haka mu ake tambaya, ɗaya bayan ɗaya, a gaban jama'a.

Tun daga kan hanya muka fara toshe hanci da mayafi. Da muka gangara, na yi da-na-sanin karin kumallon da na yi. Abin da aka kwasa ashe ba komai ba ne a kan abin da aka bari. Gurbin ya yi fari fat da cikin kifi, sun kumbura suna yawo a hankali. Bakin ruwa kuwa ƙananan ne jibge, ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka su ba, suna fashewa a ƙarƙashin silifa. Ga kunkuru biyu a rigingine. Ga balbela ta mutu da kifi a baki. Can ƙasa kaɗan injin wani mai lambu yana ta zuƙar ruwan nan yana watsa wa latas. Gorar tana nan a tsaye, jan ƙyallen yana kaɗawa, ba wanda ya ko cire shi.

Maza sun fi talatin a wurin. Ina wucewa na ji ana ƙus-ƙus wai ai Baba Nomau ne ya sayar da gurbin, wai tsufa ya sa shi kwaɗayi, gara a sauke shi a daina wannan ɗaure-ɗauren ƙyalle kowa ya nemi abincinsa. Na waiga in ga masu maganar. Biyu daga cikinsu da idona na gan su ran Litinin suna wucewa da buhu yana ɗiga a bayan babur. Wato su kashe gurbin, su kashe sunan tsoho, su kuma kashe dokar gaba ɗaya. Wallahi warin bakinsu ya fi na ruwan damuna.

Baba Nomau yana zaune a kan tushen kuka da sandarsa. Daga wajen Argungu ya zo Kaduna shekara hamsin da suka wuce, amma harshensa bai taho ba har yau. Sama'ila yana can gefe ya harɗe hannu, bai dube ni ba.

Aka fara da mata. Tani ta ce rabonta da kifi tun Juma'a. Ta gaba ma haka. Da aka zo kan Atika, ta dafa ƙirji.

"Baba, na rantse da Allah, kifin ƙanƙara na banda. Katan biyu na sayo a kasuwa. Ni ina zan taɓa haram?"

Har da ɗan hawayenta. Na dubi matar nan, da lallenta da carbinta a hannu.

Sai Baba Nomau ya ɗago kai.

"Harira, ɗiyata. Wa yak kawo miki kihi?"

Zan iya cewa ban saya ba, a wuce wurin. Duk hanya na zo ina shirya hakan. Na tuna Rakiya da cikinta wata bakwai. Na tuna yadda nake tauna gyaɗa in sa wa yaron nan a baki. Sannan na dubi tsohon, idonsa ya yi ja, ya ji duk abin da ake faɗa a kansa, yana jiran mace ta bakwai ita ma ta yi masa ƙarya.

"Sama'ila ne, Baba. Baho uku, ran Litinin da hantsi. Ba tabon ƙugiya, ba sawun taru. Na ƙi karɓa, ya kai gidan Atika."

Atika ta saki salati ta fara zagina ta uwa ta uba. Maza kuwa suka rikice da surutu.

"Faɗan gida ne wannan, kada a sa mu ciki."

"Ai mace in ta yi fushi da ɗan'uwanta ba abin da ba za ta faɗa ba."

"A yi haƙuri mana, a rufa asiri. Yaro ne."

Yaro! Mutum mai shekara talatin da takwas da furfura a gemu. Ba tausayinsa suke ji ba, tsoro suke kada ya buɗe baki ya lissafa su.

Baba Nomau ya buga sanda a ƙasa. "Sama'ila, abin da yayarka tac ce, ƙarya ta?"

Sama'ila ya dube ni a karon farko. Na so ya musa, ko ya zage ni, ko ya ambaci sauran. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai ya tofar da yawu.

"To, kun jiya," in ji tsohon. "Yadda munka iske, haka za mu yi. Ku tashi a kihe kwalekwalen nai."

Ba wanda ya motsa. Maza talatin, ƙarti masu jan taru, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wani ya zaro waya yana latsawa. Baba Nomau ya sake faɗa. Ba wanda ya tashi.

Sai ya ajiye sandar, ya naɗe wandonsa, ya shiga cikin ruɓaɓɓen ruwan nan har gwiwa. Ya kwance igiyar kwalekwalen ya fara ja. Mutum mai shekara kusan tamanin. Goshin kwalekwalen ya hau yashi ya tsaya. Ya ja, ya zame, ya faɗi a kan hannunsa cikin matattun kifi. Ya tashi ya sake kama igiyar. Suna tsaye suna kallo.

Ban san lokacin da na yar da mayafi ba. Na ɗaure zanena a ƙugu na shiga. Ruwan ɗumi ne, mai yauƙi, abubuwa suna shafar ƙafata, na danne amai na kama gindin kwalekwalen. Ina turawa yana ja, muna hutawa muna komawa, har muka fitar da shi tudu. Muka sa kafaɗa a gefe ɗaya. Sau biyu yana dawo mana. A na uku ya tafi, ya kifu da wata ƙara, ruwan cikinsa ya malale mana a ƙafa.

Baba Nomau ya zauna a ƙasa yana haki. Ni kuwa na juya gefe na amayar da duk abin da ke cikina. Da na ɗago, taron ya fara watsewa. Wasu na ce mini sannu a ciki-ciki, wasu na kauce mini kamar ni ce na zuba maganin. Sama'ila ya bi ta gabana, kusa har rigarsa ta taɓa ni, ya wuce abinsa.

Na koma gida a ƙafa, don ba mai keken da zai ɗauke ni da wannan wari. Na yi wanka, na ƙona zanen. Ina zaune bayan la'asar na ji sallama. Rakiya ce a bakin ƙofa, da tulun cikinta, da 'ya'ya huɗu a bayanta, kowanne riƙe da kwanonsa. Ba ta shigo ba, kuma ba ta ɗago ido ba.

"Yaya," ta ce, "wai ya ce mu zo nan mu ci."

Na matsa na ba su hanya. Na ɗora tukunya, na auna garin da ya rage mini, na ƙara ruwa don ya kai.

An yi damina biyu, an mayar da kwalekwalen ruwa, Sama'ila ya ba wani hayarsa, shi kuwa ya koma acaba. Yaran har yanzu suna zuwa. Jaririyar da Rakiya ta haifa daga baya tana gudu yanzu, kuma a bakin maƙwabta na ji ranar sunanta. In muka haɗu a layi, Sama'ila yakan rage gudun babur ya kauce wa kwata, ya wuce ni kamar yadda ake wuce kowace tsohuwa mai tire a ka.