Ka Goge Ta

"Ba ruwa na zo sha ba," in ji Gwaggo, ta ture kofin da surukar Mai Hoto ta miƙo mata. "Mijina na zo nema. Ina kuka kai shi?"

Mijin Gwaggo ya daɗe a ƙasa, kowa a layin ya sani. Abin da ya rage mata nasa wani ɗan bidiyo ne da Mai Hoto, maƙwabcinta na jikin katanga, ya ɗauka ranar da yake gwada sabuwar kyamara: mutumin yana ɗaure kaya a saman motarsa, yana tsokanar ta ta taga. Kaset ɗin ya sha ruwa ya lalace tuntuni, amma kafin nan Mai Hoto ya zuba shi cikin tsohuwar kwamfutarsa mai ƙugi a ƙarƙashin tebur. Ya jawo waya ta saman katanga zuwa talabijin ɗinta, ya nuna mata inda za ta danna. Da muryar nan take karyawa kullum. Yau ta danna har yatsa ya gaji, allo baƙi ƙirin.

Dogo, ɗan Mai Hoto, na durƙushe a falo cikin wayoyi, gabansa sabuwar kwamfuta da ba ta fi burodi girma ba.

"Ƙaura muke yi wa kayan, Gwaggo, daga tsohuwa zuwa sabuwa. Baba ne ya fara kafin jikin ya tsananta."

"To a ƙaurar ce aka manta mijina a tsohon gida? Buɗe min in ɗauki abuna."

Dogo ya sosa ƙeya. "Na goge ta. Jiya Baba ya ce min, ka goge tsohuwar nan. Na ɗauka ya gama kwashewa. Ashe da saura."

Gwaggo ta kafa masa ido. Wannan yaron ba yau ya fara ƙorafi kan wayar katanga ba, ya ce ta mai da musu gida kamar wurin shanya. Wanda ya ƙi igiya ai ba zai so guga ba.

"Fina-finan 'ya'yanka sun haye?"

"Sun haye."

"Na bikinka, da kai da hular nan mai kama da kwarya?"

"Shi ma."

"Mijina ne kaɗai ya yi wa na'urar nauyi."

"Bi da bi take kwashewa, Gwaggo. Naki ne a ƙarshe."

"Wa ya jera layin?"

Ba ta tsaya jin amsa ba, ta ɗaga labulen ɗakin mara lafiya. Ɗakin na warin man zafi. Mai Hoto ya zama ƙashi da fata, kwalaben magani jere a kan akwatin kyamararsa. Ta ɗan sassauta murya, ba don ranta ya so ba.

"Maƙwabci, sannu da jiki. Me ka ce wa yaron nan ya yi?"

"Ƙura ce ta cika ta," in ji shi, yana jan numfashi tsakanin kalmomi. "Shi ya sa take ƙugi. Da tsumma na ce a goge."

Gwaggo ta juya. Dogo na tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa kamar an watsa masa toka. Uban ma ya gan shi.

"A'a," in ji tsohon. "A zuci na faɗi tsumman. Bai ji ba. Ni za ki kama."

"Kana kwance ma lauya kake yi wa ɗanka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da suruka ta shigo ta tallafo kansa.

"In na tashi zan duba miki. Wani lokacin akan samu."

"To ka tashi. Ni ba inda za ni."

Bai tashi ba. Makon bai ƙare ba, tana shara da hantsi ta ji kuka ya tsallako katanga. Ta jingina tsintsiya, ta shiga, ta zauna da matan gidan har aka watse. Ta yi wa kowa gaisuwa. Da ta zo kan Dogo ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta wuce ba ta ƙara ba. Abin da ke cin ta shi ne mutum ɗaya ne ya san ko an ambaci tsumma da baki, ga shi ya tafi da zancen.

Bayan 'yan kwanaki ta ga kan tsani ya ɓullo ta saman katanga, Dogo a kai.

"An rufe uban, saura waya," in ji ta.

"Haɗa miki da sabuwar zan yi." Ya sauko, ya shigo ɗakinta da sallama, ya ɗauki rimot. "Bidiyon babu shi, Gwaggo. Na kai tsohuwar wurin masu gyara, sun ce ya tafi. Amma sabuwar ta riga ta ɗauki ɗan hoton da ake sawa a gaban kowane bidiyo. Shi kaɗai ya haye."

"Wato ka kawo min marfi, tukunya ta fashe."

"Haka ne."

"Ban yafe ba tukuna. Kar ka ce na yafe."

"To. In cire wayar?"

"Wa ya ce ka taɓa ta?"

Da ya fita ta jawo kujera har gaban allon. Hoton bai fi tafin hannu ba, ga shi dishi-dishi. Mijinta ya ba da baya, hannu ɗaya a sama da igiya, rigarsa ta ɗage. Da can motsi da surutu ba sa barin ta duba komai sai shi. Yanzu da komai ya tsaya, ta ga inuwar Mai Hoto a jikin gilashin motar, siriri, gashinsa baƙi, ido ɗaya a rufe, kyamara a kafaɗa.

Shayinta ya huce a ƙasa kusa da ƙafarta.