Seutatia a Ƙarƙashin Tabarma

Rana ba ta gama ɗagawa ba Seutatia ta durƙusa a kan ciyawar ƙofar gidan Eruera a garin Logan, ƙanenta Aukuso ya lulluɓa mata tabarmar gadonsu tun daga kai har ƙasa. Haka mutanensu Samowa suke yi idan ɗan gida ya zubar da jinin wani. Babba ne zai je ya wulaƙanta kansa, ba zai tashi ba sai wanda aka cuta ya ɗage tabarmar da hannunsa.

Ɗanta Pelenato ne ya jawo. Shi da Eruera tare suke fiɗa a mayanka, rigima ta haɗa su wajen shaye-shaye, ya karya masa muƙamuƙi da kafaɗa. Ya gama zaman gidan yari, yanzu hukuma ta ce a mayar da shi Niyuzilan, ƙasar da ya baro yana goye. Dokar ƙasar nan ta ce wa masu fasfon Niyuzilan ku shigo ku yi aiki, ba mai tare ku. Suka shigo, suka haihu har suka ga jikoki, bayansu ya sunkuye, ashe har yau baƙi ne! Lauya ya ce in wanda aka daka ya yi magana a gaban alƙali, wataƙila a bar Pelenato a nan da 'ya'yansa.

Zafi ya dafa ta a ƙarƙashin tabarmar. Tana jin motoci suna rage gudu, wata maƙwabciya tana dariya. Ita da ake tashi a ba ta kujera a coci, yau ga ta kamar buhun da aka yar.

"Yaya, gwiwar fa?" in ji Aukuso a hankali.

"Rufe mini baki. Kai dai tun kana yaro cikinka kawai ka sani."

Ƙofa ta buɗe. Hinewai ce, matar Eruera. Su Mawori ne, 'yan asalin Niyuzilan, amma ta zauna da Samowa, ta san abin da take gani.

"Inna, ki tashi don Allah, kina tara mana jama'a."

"Ba ke nake jira ba, 'yar nan. Mijinki."

"Mijina? Mijin da miya kawai yake iya sha? Hannun ba ya ɗaga wuƙa, sun sallame shi. Na je neman tallafin gwamnati, suka duba fasfona suka ce irinmu ba mu ciki. Takardarmu ɗaya da ta ɗanki, Inna. Wa zai durƙusa mana mu?"

Seutatia ta zo da maganganu cike da baki, na doka, na jikoki. Ita ɗanta kawai take tunani tun da abin ya faru, ko sau ɗaya ba ta tambayi abin da gidan nan suke ci ba. Ta ƙara dunƙulewa har goshinta ya taɓa ciyawa, ta gode wa Allah da tabarmar ta rufe mata fuska.

Can ta ji takun silifa. Gefen tabarmar ya motsa, ya zame, ya sake motsi. Wani ne yake ja da hannu ɗaya. Haske ya bugi idonta.

Eruera ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Ta kasa kallonsa, ta tsura wa yatsun ƙafarsa ido.

"Inna, ɗan naki jaki ne," ya ce, maganar tana fita da ƙyar.

"Jaki ne. Ni na haife shi, na fi ka sani."

Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi.

"Zan je kotun. Amma ba zan wanke shi ba. Zan nuna musu bakin nan, in faɗi abin da ya yi. Sannan in ce musu a Logan ya koyi duka, a Logan ya kamata ya zauna ya ga abin da ya aikata."

"Faɗa musu duka," ta ce. "Kar ka rage."

Aukuso ya naɗe tabarmar ya miƙa wa Hinewai da hannu biyu, don a al'ada gidan da aka cuta ake bar wa ita. Ta ɗan tsaya, sannan ta karɓa. Seutatia ta yunƙura za ta tashi, gwiwar ta ƙi. Eruera ne ya miƙo mata hannunsa mai lafiyar, ta kama, kanta a ƙasa.