Akwatin Baba a Kan Rufi

Tun kafin rana ta take firijin ya yi shiru. Auta yana tsugune a ƙofar ɗaki yana cire wa wata tsohuwar rediyo ƙura, sai kunnensa ya ji gidan ya canza. Gurnanin nan da suka saba da shi har suka daina ji, babu shi.

Ƙaramin firiji ne, bai kai gwiwar mutum ba, kuma ba ruwa ake sawa a ciki ba. Allurar sugan Baba ce a ciki, kwalabe na watanni da asibiti suka ba su gaba ɗaya, tare da gargaɗin kada zafi ya taɓa su. Tun da taransifomar layinsu ta ƙone, babu gidan da ke da wuta. Mai ƙanƙara ma ya rufe shago. Abin da ke riƙe da firijin shi ne farantan sola uku da Auta ya haɗa da hannunsa. Ƙwayoyin da ke kama hasken rana ya saya a warwatse, ya liƙa su da dalma ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da gilashin tsohuwar taga.

Ya ɗora mitar auna wuta a kan batir. Allurar mitar ta ɗan motsa ta kwanta.

"Injiniya, me ya faru?" Yayarsa ce ta leƙo daga wurin wanki, kumfa har gwiwar hannu. Ita kaɗai ke kiransa haka, kuma ba don girmamawa ba.

"Batir ya sauka, Yaya. Kada ki buɗe firijin."

"Da wannan ranar? Ranar da za ta gasa mutum a tsaye ce ba ta ishe ka ba?"

"Ita ce matsalar. Farantan nan haske suke so, ba zafi ba. In suka yi zafi sai su yi sanyin jiki."

"Kamar mai su ke nan."

Auta ya ajiye mitar. Ya jingina tsani ya hau. Kwanon rufin ya ƙona masa tafin hannu tun kafin ya gama hawa. Ya kai yatsa jikin gilashin farko ya janye da sauri. Ta ciki, farar robar da ya shimfiɗa ƙarƙashin ƙwayoyin ta fara yin ruwan ɗorawa.

Ya san dalili, ya daɗe da sani, faɗa ne ya kasa. Baba ne ya yi wa farantan gida. Kafinta ne na gaske kafin ciwon ya cinye masa gani ya sa masa rawar hannu, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne haɗin katakon da ko iska ba ta ratsawa. Da Auta ya kawo farantan, tsohon ya tashi daga tabarma, ya nemi zartonsa, ya yi musu akwatuna irin na adana kayan daraja. Ya rufe bayansu ruf da katako, ya cusa soso a ciki don kada su girgiza, ya shafe da baƙin fenti, sannan ya sa aka kwantar da su a jikin kwano don iska kada ta ɗauke. Da lalube ya yi yawancin aikin. Tun daga nan bai sake riƙe zarto ba.

A lokacin sanyi komai ya tafi daidai. Yanzu kuwa kowane akwati ya zama tanda.

Auta na cikin wannan tunani bai ji hawowar Yaya ba. Sai ganin bokiti ya yi a bakin rufi, cike da ruwan randa.

"Zafi ne ko? To ga magani."

"Yaya, tsaya."

Ta riga ta watsa. Ruwan ya sauka a farantin da ke kusa da ita, ya yi cuu, tururi ya tashi. Sai wata 'yar ƙara, tas, kamar an karya tsinke. Tsaga ta taso daga kusurwa ta bi gilashin har ɗaya gefen, ta yi rassa, ruwa ya bi ta ciki ya kwanta a kan ƙwayoyin.

Su biyun suka tsaya suna kallo. Yaya ta sauke bokitin a hankali.

"Na kashe shi?"

"Gilashin taga ne, ba ya ɗaukar sanyi a kan zafi." Ya miƙa hannu ya zare wayar farantin daga sauran. "Saura biyu."

"Biyu za su iya?"

"In sun sha iska. Miƙo min guduma da sukudireba."

Ta kalle shi, ta kalli baƙin akwatin, ta gane. Ta sauka ta miƙo masa su.

Bugun farko da ya yi a gefen katakon, murya ta taso daga inuwar baranda.

"Wa ke dukan aikina?"

Auta ya tsaya da guduma a sama. "Ni ne, Baba."

"Na san kai ne. Duk garin nan babu mai riƙe guduma kamar yana kashe kunama sai kai. Me akwatin ya yi maka?"

"Zan ɗan buɗe bayansa ne, iska ta shiga."

"Iska ta shiga." Baba ya maimaita a hankali, kamar yana ɗanɗana maganar. "Na yi shekaru ina hana iska shiga katako, yau ɗana zai buɗe mata ƙofa. Sauko."

Gumi na ɗiga daga haɓar Auta yana bushewa a kan kwano nan take. Bai taɓa yi wa Baba musu ba, bai ma san ta inda ake farawa ba. Ya leƙa ƙasa. Yaya ta jiƙa tawul ta lulluɓe firijin, tana tsaye a kansa da tafin hannu a jikin murfin, kamar mai jin zazzaɓin yaro.

"Baba, firijin ya tsaya," in ji ta. "Kuma na fasa faranti ɗaya."

"Ke, uwata, har da ke?"

"Har da ni. Jikin firijin ya fara ɗumi, Baba. Allurarka ce a ciki."

"To ta ɗumama mana. Ni ma ai da ɗumina."

Babu wanda ya yi dariya. Auta ya tuna ranar da sugan ya hau, yadda suka ɗauko tsohon kamar buhu, bakinsa a bushe, bai san su ba. Ya sa bakin sukudireba a haɗin katakon, ya nemi inda zai shiga. Babu. Ko'ina a liƙe yake kamar itace ɗaya. In ya buga da ƙarfi, girgizar za ta fasa gilashin, a koma saura ɗaya, kuma ɗaya ba zai tayar da firiji ba.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Akwatinka ba shi da laifi, ya yi kyau ne fiye da yadda abin yake so. Zan buɗe shi ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Amma in na buɗe da kaina zan fasa gilashin."

Wata kaza ta ratsa tsakar gida da baki buɗe.

"Ajiye gudumar nan," in ji Baba. "Babu ƙusa a ciki, wa ya ce maka ina aiki da ƙusa? Shafa gefen da ke kallon titi. Za ka ji wani ɗan ido a ƙarƙashin fentin."

Auta ya shafa, yatsunsa na ƙuna. "Na ji."

"Turun katako ne. Tura shi ciki da sukudireba, a hankali, ba irin turin da kake wa ƙofa ba. Akwai ɗan'uwansa a ɗaya gefen. In sun fita, ja bayan zuwa wajenka."

Katakon ya zamo sumul kamar aljihun tebur. Wani zafi mai warin roba ya bugi fuskar Auta. Ya yaye soson ya jefa ƙasa, ya buɗe na biyun. Yaya ta riƙa miƙo bulo yana ɗaga farantan daga jikin kwano, ta jiƙa buhuna ya shimfiɗa a ƙarƙashi, nesa da gilashi. Iska ta fara bi ta ƙasansu, mai ɗumi, amma tana tafiya.

Ya sauko ya tsuguna gaban batir da mita. Allurar mitar ba ta motsa ba. Yaya ta tsaya a bayansa tana numfashi a wuyansa. Ya sake hawa ya jiƙa buhunan, ya dawo. Allurar ta ɗaga kaɗan, kamar gashin ido. Ya cire, ya goge wayoyin da rigarsa, ya mayar, don bai yarda da idonsa ba. Ta ƙara ɗagawa.

Firijin ya yi tari, ya yi shiru. Yaya ta damƙe kafaɗarsa har ya ji farcenta. Ya sake tari, sai gurnanin ya kama, ya zauna.

Suka bar shi ya yi aiki har lokacin allura ya yi. Sannan Yaya ta buɗe da sauri, ta zaro kwalba ɗaya, ta rufe. Ta ɗora ta a kumatunta, ta lumshe ido.

"Da sauran sanyinta."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen Auta, ba daidai inda yake tsaye ba.

"Ka ɓantare min gefen na farkon?"

"Kaɗan, Baba."

"Na ji lokacin." Ya ɗage gefen rigarsa, ya juya wa 'yarsa cikinsa. "Zo, uwata, soka. A hankali, ke ma hannunki irin na ƙanenki ne."