Danshi a Ɗakin Mai Jego

Duk ciyawar da ta tsira a tsakiyar rani, akwai abin da take sha. Malam Datti manomi ne, ya san haka sarai, amma ya yi kwana tara yana wuce wata ciyawa kore shar a gindin ɗakin 'yarsa bai tsaya ba.

Adawiyya ce a ɗakin, ta zo gida Rano daga Tarai haihuwar fari. Wankan jego ruwa yake ci safe da yamma, 'yan garuwa kuma sun yi tsada. Shi ya sa tun kafin ta sauka Datti ya sayar da buhun masara biyu, ya kira Tajuddeen mai aikin famfo ya jawo masa ruwa daga babban bututun bakin titi. Da yake ba ya son baƙon namiji ya yini a tsakar gida, sai ya ba shi yammaci guda, ranar da matan gidan suka tafi bikin suna a Durba.

Tajuddeen ya ce in ta zaure za a bi, aikin kwana biyu ne, sai ya huda ta ƙarƙashin bangon ɗakin. Nan bututu ya gaza, ga shi bai zo da mahaɗi ba. Ya kunna kara, ya gasa bakin robar har ta yi laushi, ya cusa wani guntun bututu a ciki, ya naɗe da tsohuwar robar taya. Ranar babu ruwa a layin, haka aka binne ba a gwada ba.

"Baba, wannan haɗin sai jikanka ya yi aure," in ji shi, yana karkaɗe hannu.

Bayan haihuwa danshi ya fara hawa bangon. Datti ya yi wa matarsa Barakatu maganar, ta yi dariya.

"Malam, ina ka taɓa ganin gidan jego a bushe?"

Ya yarda, don yana son ya yarda.

Ranar Talata bayan azahar ya dafa bangon zai cire takalmi, sai babban yatsansa ya nutse kamar a malmalar tuwo. Ya dubi famfo, a rufe yake. Ya kara kunne a bango, ya ji ruwa na tsiyaya can ƙasa, a hankali, ba ya tsayawa. Da ya ɗaga kai sai ga tsaga tun daga azara har ƙasa, wadda babu ita da safe. Gadon jaririn kuwa a jikin bangon nan yake.

Tun da aka haihu bai taɓa taka ɗakin ba, amma ya faɗa ko sallama babu. Ya ce wa Adawiyya ta ɗauki yaron ta fita. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, kunyar ɗan fari ta hana ta taɓa shi a gaban mahaifinta. Ƙasa ta zubo daga rufi a kan zanin gadon. Datti ya sunkuci jaririn da hannu ɗaya, ya finciko uwar da ɗayan, suka fito.

A waje ya nemi inda zai rufe ruwan, ashe Tajuddeen bai sa makulli ba. Maƙwabta suka zo da fartanya suka tone bakin titi, suka lanƙwasa bututun suka ɗaure. Ana kiran la'asar bangon ya zauna, ya danne gadon da kwanukan gara. Barakatu ta zube a ƙasa tana ta salati.

Datti bai gama hamdala ba maƙwabcinsa Malam Ishiyaku ya ja shi gefe, ya kai shi ta bayan nasa gidan. A gindin ɗakin da tsohuwar Ishiyaku take kwance, wadda ba ta iya tashi, ga irin ciyawar nan ta fito.

Suka ɗauke tsohuwar a kan tabarma zuwa zaure. Wayar Tajuddeen a kashe, an ce an gan shi a Kibiya. Har yau babu wanda ya san iya inda ruwan ya kai a ƙarƙashin gidajen biyu, ko bango nawa ne zai kai damina a tsaye.